Daga Badaguishiri zuwa Indiya: allurar "sitem sel" da ƙafar da jini ya daina kai wa

Shekara biyu da suka wuce kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya soma tsayawa a hanyar garka. Daga gidansa, a wani ƙauye kusa da Badaguishiri, zuwa fadamar da yake noman albasa ba wani nisa ba ne, tafiya ce da ya kwashe shekara 40 yana yi. Sai ga shi in ya yi ɗan taku kaɗan sha-raɓarsa ta dama ta ɗaure kamar an tamke ta da igiya. Ya tsaya, ya yi kamar yana duban shukar wani, zafin ya lafa, ya ci gaba. Kowa ya ce sanyi ne. Shi ma ya yarda, ya ƙara da cewa har da tsufa.

Daga baya ciwon ya koma na dare. Ba ya iya barci sai ya sauko da ƙafar daga kan gado ta yi reto. Ana cikin haka ƙayar aduwa ta soke shi a babban yatsa, bai ma ji ba sai da aka nuna masa jini a takalmi. An gasa wurin da ruwan zafi, an shafa saiwa, an ɗaure da tsumma. Wani ya ce sammu ya taka. Wata biyu gyambon bai rufe ba, yatsan ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, ya fara wari.

Ranar kasuwar Badaguishiri aka ɗora shi a mota zuwa asibitin CSI. Majo ya huda masa yatsan hannu, ya duba na'ura, ya tambaya ko an taɓa gaya masa yana da ciwon suga. Ba a taɓa ba. Aka rubuta takarda zuwa Tawa. A can likita ya daɗe yana laluba bayan ƙafar da gefen idon sawu, bai ji bugun jini ba. Ya ce yatsan ya riga ya mutu, cire shi za a yi, kuma jinin da ke sauka ƙafar kaɗan ne ƙwarai.

A daren nan ne ɗansa na fari, wanda ke ci-rani a Abijan, ya turo bidiyo a dandalin WhatsApp na dangi. Wani asibiti ne a ƙasar waje, fes-fes, da wani mutum cikin farar riga yana nuna hoton ƙafa baƙa da kuma hoton ƙafa lafiyayya. Allura ce kawai, in ji bidiyon, ta "sitem sel", ba yanka ba tiyata. Ɗan'uwan nawa ya ce kada a kuskura a taɓa ƙafar baba, zai haɗa kuɗi da ƙanensa da ke Tamanrasset. Ni kuma, da yake ni ne ɗan jarida a gidan, aka ce in bincika.

Abin da na gano ke nan.

Me ke faruwa cikin ƙafar

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a garka ya san cewa in laka ta cika magudana, fangalin ƙarshe ne ke fara bushewa. Haka jijiyoyin da ke kai jini ƙafa suke. Kitse da dauɗa suna taruwa a bangonsu shekara da shekaru, hanyar ta yi ta ƙanƙancewa. Da farko jinin yana isar mutum in yana zaune, amma ba ya isa in yana tafiya, shi ya sa sha-raɓa ke ɗaurewa ta saki in an huta. In abin ya yi nisa, ko a kwance jinin ba ya isa. Sauko da ƙafa daga gado na kawo sauƙi ne domin jinin na samun gangara. Mataki na ƙarshe shi ne gyambon da ba ya warkewa da ruɓewar nama.

Manyan masu jawo wannan toshewa su ne taba sigari, ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini da kuma shekaru. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2013 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 202 ne ke da toshewar jijiyoyin ƙafa a duniya a shekarar 2010, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Ciwon suga na ƙara dagula lamarin, domin bayan toshe hanyar jini yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, sannan yana raunana jiki wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta ce a 2021 akwai manya miliyan 24 masu ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba. Kawuna na cikin wannan rabin.

Matasa ma ba su tsira ba. Akwai cutar da ake kira da sunan likita Leo Buerger, wanda ya bayyana ta a 1908. Ita ƙananan jijiyoyin hannu da ƙafa take toshewa, kuma galibi maza masu shan taba 'yan ƙasa da shekara 45 take kamawa. Abin da ke tsayar da ita shi ne barin taba gaba ɗaya, ba ragewa ba. Masu zaman fada da kwalin sigari a gefen butar shayi su riƙe wannan.

In an gano toshewar da wuri, aikin da likitoci suka tabbatar da amfaninsa iri biyu ne: ko a zura siririn bututu a buɗe jijiyar da balan-balan, ko a ɗauko wata jijiya daga jikin mutum a yi wa jinin hanyar ratse. Amma akwai waɗanda jijiyoyinsu suka lalace har ƙasa, ba wurin buɗewa, ba wurin haɗa ratse. Domin waɗannan ne aka fara tunanin ƙwayoyin tushe.

Inda labarin ya samo asali

Ƙwayoyin tushe, waɗanda 'yan talla ke kira sitem sel, ƙwayoyin halitta ne da ba su riga sun zama komai ba tukuna, suna iya hayayyafa su rikiɗa su zama wasu. Ɓargon ƙashi na ɗauke da su, daga can jininmu ke fitowa kullum. Ba tatsuniya ba ne. Dashen ɓargo magani ne tabbatacce ga wasu cututtukan jini, har a maƙwabta: a 2011 asibitin koyarwa na jami'ar Benin a Najeriya ya yi dashen ɓargo na farko ga wani yaro mai amosanin jini, ƙarƙashin likita Nosakhare Bazuaye. Amma ɓargo ya koma yin jini wani abu ne, ɓargo ya gina sababbin jijiyoyi a ƙafa wani abu ne daban.

A 1997 wani ɗan Japan, Takayuki Asahara, da ke aiki a ɗakin binciken Jeffrey Isner a birnin Boston na Amurka, ya ba da rahoton cewa akwai wasu ƙwayoyi masu yawo cikin jinin babban mutum da ke iya taimakawa wajen tsirar da sababbin hanyoyin jini. Shekara biyar bayan haka, a 2002, wasu likitocin Japan suka buga sakamakon gwajin da ake kira TACT. Sun zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugun marasa lafiya ƙasa da 50, suka tace, suka yi musu allurai da yawa a sha-raɓar ƙafar da ke ciwo. Zafi ya ragu, tafiya ta ƙaru, awon jini a ƙafa ya ɗan hau. Duniyar likitoci ta yi murna, kuma daga nan ne duk bidiyoyin da ake turo mana suka samo tsatsonsu.

Sai dai an ci gaba da bincike, abin da bidiyo ba ya faɗa. A ƙasar Holan an yi gwajin JUVENTAS, wanda aka buga a 2015, da mutum 160. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka sa musu ƙwayoyin ɓargonsu, rabi aka sa musu ruwan da ba ƙwayoyin a ciki, kuma daga majiyyaci har likitan da ke duba shi ba wanda ya san wa ya sami wanne. Bayan wata shida, kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka ba ƙwayoyin an yanke musu ƙafa, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 13. Masu binciken suka ce ba wani bambanci na a-zo-a-gani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a ɓangarorin biyu duka an sami waɗanda suka ji sauƙi. Wato da a ce ba a yi rukuni na biyu ba, da an ce allurar ce ta yi aiki. Mutum in ana kula da shi, ana wanke gyambonsa, ana ba shi maganinsa a kan lokaci, yakan samu sauƙi ko da allurar ruwa ce.

A 2017 masu bincike a jami'ar Padua ta Italiya suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka auna su tare. In an haɗa duka, sai a ga kamar allurar ta rage yankan ƙafa da kashi 37 cikin 100. In kuwa aka ware gwaje-gwajen da aka yi da tsauri, irin na Holan, sai amfanin ya dusashe. A ƙarshen 2020 wani kamfanin Isra'ila, Pluristem, ya dakatar da babban gwajinsa na ƙwayoyin mahaifa bayan masu sa ido sun ce da wuya ya cim ma abin da aka sa gaba. Masana da yawa yanzu suna ganin ƙwayoyin ba sa rikiɗa su zama jijiya kamar yadda aka zata da farko, wasu sinadarai ne suke fitarwa masu zaburar da ƙananan jijiyoyin da ke wurin. Ga kuma wani cikas: ɓargon dattijo mai ciwon suga shi ma ya gaji, ƙwayoyinsa ba su da kuzarin na saurayi.

Wannan ba ya nufin an rufe babin. A Indiya, inda masu hali daga Nijar da Najeriya ke yawan zuwa neman magani, hukumar kula da magunguna ta amince a 2020 da wani magani mai suna Stempeucel na kamfanin Stempeutics da ke Bangalore. Daga ɓargon masu lafiya ake haɗa shi, kuma an tanade shi ne domin waɗanda ba yadda za a buɗe musu jijiya. Hukumar FDA ta Amurka kuwa ba ta amince da kowace allurar ƙwayoyin tushe domin wannan ciwo ba. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin jijiyoyin jini na duniya suka fitar tare a 2019 sun ce kada a yi wa majiyyaci irin wannan magani sai cikin gwaji mai rajista. A ra'ayina wannan ce magana mafi adalci a yau: abu ne da ake kan bincike, akwai ɗan haske a cikinsa, amma bai kai a sayar da gona dominsa ba.

Kuma ko a wurin masu goyon bayansa, ba wanda ya ce yana tayar da naman da ya mutu. Yatsan da ya yi baƙi ya tafi ke nan. Hoton "kafin" da "bayan" da ke nuna baƙar ƙafa ta koma ja, ko dai ƙafar wani ce, ko kuwa an riga an yanke abin da ya ruɓe ba a nuna ba.

Garin tuffa a ƙunshi

Kafin kuɗin Indiya su haɗu, wata 'yar'uwa ta zo daga Ƙonni da kwali na wasu ƙananan ƙunshi, wai su ma sitem sel ne, na tuffa da inabi, a zuba a ƙarƙashin harshe. Wanda ya sayar mata ya ce suna maganin suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ƙoda, har da rashin haihuwa, ya kuma ce in ta kawo mutum biyu za ta samu kamasho. Ba ƙaramin kuɗi ta kashe ba, kuma don Allah ta yi.

Ba sai an je makarantar likitanci ba kafin a gane wannan. Ƙwayar tsiro ba ta zama jijiyar mutum, kuma duk abin da aka haɗiye ciki ne ke narkar da shi kamar tuwo. Maganin da aka ce yana warkar da cuta goma, mai sayar da shi kaɗai yake yi wa amfani.

Asibitocin da ke yin allurar ta gaske ba tare da izini ba su ma suna da hatsari. A 2017 mujallar New England Journal of Medicine ta ba da labarin wasu mata uku a jihar Florida ta Amurka da suka rasa ganinsu, ɗaya gaba ɗaya, bayan wani asibiti mai zaman kansa ya yi musu allurar ƙwayoyin da aka tace daga kitsen jikinsu a cikin idanu. Kuɗi suka biya. In hakan na faruwa a Amurka, to ɗan ci-ranin da ke tura gumin shekara uku ga lambar waya da ya gani a Facebook fa? Wanda duk aka yi wa irin wannan tayi yana da damar ya tambayi sunan maganin, da hukumar da ta amince da shi, da kuma ko an ɗauki hoton jijiyoyin majiyyacin an tabbatar ba a iya buɗe su. Asibitin da ya yanka farashi tun bai ga hoton jijiya ba, ba ƙafar ce a gabansa ba.

Mako uku

Kawuna an maido shi gida, domin iyali sun ƙi yarda a yanka. Ban ga laifin kowa ba. A ƙasar Adar manomin da ba ƙafa ana masa kallon wanda aka gama da shi, kuma akwai masu ganin cewa mutum ya koma ga Ubangijinsa da jikinsa cikakke ya fi. Ni kaina na yi kwana uku ina karatu kafin in iya buɗe baki a dandalin dangi, kuma da na yi magana ɗan'uwana na Abijan ya ji haushi, ya ce ni ban san zafin uba ba. Yana can nesa, abin da yake da shi kawai kuɗi ne, yana son kuɗin su yi wani abu.

Mako uku aka yi ana maganar fasfo da biza da kuɗin jirgi na mutum biyu. A mako na uku baƙin ya haura bayan ƙafa, zazzaɓi ya rufe kawu, ya fara sambatu. Da tsakar dare aka nemo mota. Wannan karon ba yatsa aka yanke ba, daga ƙasan gwiwa ne, kuma don a ceci ransa.

Na tambayi likitan ko da an yarda tun farko da ƙafar ta tsira. Bai ba ni tabbaci ba. Ya ce da jinin da ke sauka kaɗan haka, mai yiwuwa wurin yankan yatsan ma ya ƙi warkewa. Lokacin da ya fi ba shi takaici, in ji shi, ba makonni ukun nan ba ne, shekara biyun da mutumin ya yi yana tsayawa a hanyar garka ne.

Nan ne gizo ke saƙar. Gano toshewar jijiya ba ya buƙatar Indiya. Ana auna hawan jini a hannu da kuma a idon sawu da wata 'yar na'urar dofla da ke shiga aljihu, a raba na ƙafa da na hannu. In sakamakon ya gaza 0.9, akwai toshewa. Gano mutuwar jijiyoyin ji kuwa da wani siririn zaren roba ake yi, a dangwala a tafin ƙafa a tambayi mutum ko ya ji. Awon suga ɗigon jini ɗaya ne. Daga nan sai barin taba, maganin suga da na hawan jini, maganin rage kitse, asfirin in likita ya rubuta, da tafiya kullum daidai gwargwado, wadda ita kanta ke sa jiki ya buɗe ƙananan hanyoyin ratse. Ba kowane gyambon mai suga ne na rashin jini ba ma. Da yawa na mutuwar ji ne da ƙwayoyin cuta, kuma suna warkewa in an kankare mataccen nama, an ba da maganin da ya dace, an ɗauke nauyi daga wurin. Gashi da ruwan zafi da sakiya a ƙafar da ba ta ji, su ne ke mayar da ƙaramin rauni babba.

Mutanen wannan yanki ba su rasa inda za su ba gaba ɗaya. Akwai babban asibitin jiha a Tawa, akwai asibitocin gunduma a Illela da Ƙonni, akwai asibitin Galmi a gundumar Malbaza, wanda ke aiki tun 1950 kuma aka san shi da tiyata. Asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato bai kai kilomita 100 daga Ƙonni ba, duk da cewa rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna mana cewa wannan hanya ba kullum take buɗe ba. Aikin buɗe jijiya kuwa sai manyan birane, kuma likitocinsa 'yan ƙalilan ne. Tun watan Satumban 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita, awo, kwanciya da tiyata a asibitocinta. Ya taimaka, amma maganin suga na kowace rana ne har ƙarshen rayuwa, kuma daga aljihun iyali yake fita. A nan ne kuɗin Nita da Amana ke da aikin yi: jika kaɗan duk wata, ba miliyoyi a rana guda ba.

Ba zan rufe ba sai na taɓo wani rashin jinin da ke cinye gaɓoɓin yara da matasa a yankinmu, wanda ba ruwansa da suga. Yaro ya faɗo daga bisa jaki ko kabu-kabu ya karye, a kai shi wurin maɗori, a ɗaure da karare tamau. Wurin ya kumbura, ɗaurin ya shaƙe jijiya, cikin kwana biyu yatsu su yi sanyi su yi baƙi. Likitocin ƙashi a arewacin Najeriya sun daɗe suna rubutu kan wannan a matsayin ɗaya daga cikin manyan dalilan yanke hannun yara. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko yaro ya kasa motsa su bayan ɗori, a kwance ɗaurin a lokacin, a nufi asibiti.

Kawuna yanzu yana gida da sanduna biyu. Kuɗin da aka fara tarawa domin Indiya, da su ake sayen maganinsa, sauran an ajiye domin ƙafar roba a Yamai in dungulmin ya gama warkewa. Likita ya gargaɗe mu cewa toshewar ba ta tsaya a ƙafa ɗaya ba, ta hagu ma na da ita, haka jijiyoyin zuciya. Kowace yamma bayan la'asar autarsa takan wanke masa ƙafar da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ta fara taɓawa da gwiwar hannunta, ta share tsakanin yatsu, ta duba diddige, ta ɗauki hoto ta tura Abijan. Ya daina taba, shayi kuma ba suga, abin da ya fi yi wa ƙorafi ke nan. Da na je gaishe shi a makon jiya, ya ce in tambayar masa ko ƙafar robar tana jure laka, domin dashen albasa ya kusa.